Ƙashin da Ya Turo a Wuyan Hannuna

Ranar da na faɗo daga kabu-kabu a Sabon Gari, ina karkaɗe riga sai na ga wani ƙashi ya turo a wuyan hannuna, gefen ƙaramin yatsa. Ni jikan mai ɗori ne, wa zan tambaya? Nan take na yanke hukunci: gocewa ce. Na ɗaure hannun da karare, na kwanta ina karɓar 'yan dubiya har daga Tsibiri.

Da gwaggota ta zo, sai ta kama ɗaya hannun ta juya.

"Kai ɗan nan, wannan kuma yaushe ya goce?"

Na duba, ga ƙashin nan, iri ɗaya sak.

Har yau in na miƙa hannu a fada, sai abokaina su ce, "A hankali, Sarkin Ɗori bai warke ba."