Malam Ƙasimu Ninki-ba-ninki da Ƙwaryar Huraira

A zamanin Turawa, Allah ya yi wa Birnin Gwari baiwa biyu: daji mai albarka, da Malam Ƙasimu duba-gari. Dajin bai iya yabon kansa ba, don haka Malam ya ɗauke masa nauyi, yana yabon nasa kan har na mutum biyu.

Mako shida ya yi a Kano yana koyon aikin tsafta. Ya dawo da gajeren wandon kaki, da hular kwano, da fensir a bayan kunne. A can aka bar shi ya leƙa madubin likita sau ɗaya, da ido ɗaya. Da wannan idon ya ga ƙwayar cuta tana rabuwa biyu, aka ce masa duk minti ashirin haka take yi. Daga nan bai ƙara sauraron kowa ba. Kai ya riga ya cika.

Ranar Alhamis kasuwa ta cika maƙil, ya kafa allo a gindin ɗorawar da matan Fulani ke sayar da nono.

"Jama'a, ku kasa kunne, ba zan maimaita ba," in ji shi. "Ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. Wadda ta faɗa ƙwarya da asuba, kafin azahar zuriyarta ta haura miliyan goma. Kwana biyu, sun fi duniya nauyi, har da duwatsunta. Wannan ba duba ba ne, lissafi ne. Daga nan har Zariya ni kaɗai na san shi."

Allo ya cika da lambobi, ya durƙusa ya ci gaba a ƙasa. 'Yan kasuwa suka raɗa masa Ninki-ba-ninki. Shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Huraira matar Bakoji, wadda ta yi shekara talatin tana kawo kindirmo daga rugarsu ta bakin dajin Kamuku, ta ce, "Malam, ai nono in ya yi tsami tsayawa yake."

"Da me kika auna? Da ludayi?"

Nan take ya hana sayar da nono a garin. Ya ƙwace ƙwaryarta, ya kulle a ofishinsa, ya rubuta a ƙofa cewa ranar Asabar da hantsi za ta fashe, ƙwayoyin su malale gari. Ya aika wa Likita a Zariya takarda shafi uku, biyu a kan tarihin kansa.

Gari ya shiga wani hali. Masu fura suka koma damu da ruwa. Matan ruga suka riƙa juyawa da nononsu a ka, ba kuɗin gishiri ba na kanwa, har Bakoji ya fara zancen tashi da garke. Audi tela, wanda shagonsa ke jingine da ofishin, ya kwashe iyali da keken ɗinki ya koma gidan wansa.

Ranar Juma'a ana sallame salla, Malam ya tuna akwai salgogi a Damari da ke bukatar dubawar gaggawa. Ya haye keke. Jahili ne ke gudu. Mai ilimi rangadi yake fita.

Asabar ta zo ta wuce. Lahadi ma haka. Ko ƙuda bai mutu ba. Ranar Litinin Likita, wani Bature mai jin Hausa, ya iso a mota, ya tarar da ofis a kulle, ya sa a ɓalle kwaɗon. Daidai nan Malam ya ƙaraso cikin gumi, bayan ya ji labarin gari na nan lafiya. Ya tsaya can baya, ya toshe hanci da hankici.

Aka ɗaga faifai. Nono ya tsinke, ruwa ya taso, har ma ya ragu.

Likita ya sa aka kira mai ƙwarya, ya tambaye ta abin da ta gani.

"Ranka ya daɗe, ko garke gwargwadon ciyawa yake ƙaruwa. In makiyaya ta ƙare, haihuwa ta tsaya, sai rama, sai mutuwa."

"Babi na biyu na littafinka ke nan, Malam," in ji Likita. "Kuma na cikin nono ba su ne masu cuta ba, su ke haɗa kindirmon."

Ya ɗauki littafin koyon aikin da ke kan teburin Malam don ya nuna masa. Daga babi na biyu zuwa ƙarshe, shafukan a manne suke yadda suka fito daga maɗaba'a. Sai da aka aro wuƙar mahauci. Ga zanen yawan ƙwayoyin kuwa: layi ya hau, ya kwanta, ya gangara.

Malam ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, ai dama can nan lissafina ya dosa. Rashin ladabi ne ya sa matar nan ta riga ni faɗa."

Likita ya ɗage dokar, ya kuma bar umarni: duk ranar kasuwa Malam ya zauna awa guda gaban Huraira ya ƙarasa karatunsa.

Aka yi wata uku ana haka. An tambaye ta yadda ɗalibin yake, ta ce yana ƙoƙari. In ya dage, baɗi za ta bar shi ya wanke ƙwarya shi kaɗai.