Rasuwar Katantanwa a Gangaren Faru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan gurbin da ya rage wanda zargi ya cike shi taf, ni Hayatu kuku na Tungar Rimi, ƙasar Maradun, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda suke yi kamar abokan arziki ne, rasuwar motata mai ɗaki, wadda duk yankin nan ya sani da Katantanwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a gangaren da ke gab da Faru, bayan jinyar da ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Ƙafarta ta baya ta hagu ce ta tsage.

Ta tafi a lokacin da aka fi bukatarta. Ruwan dam na Bakolori yana tahowa garinmu, kowa ya kwashe ya koma sabon matsuguni a tudu, saura Gwaggo Marka, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta shekara huɗu ke nan, da yayata Adda da ke jinyarta. Su ne sawu na ƙarshe da ya rage wa marigayiya. Masu lura da ruwan sun ce kafin Juma'a zai rufe kwarin da hanya ta ratsa.

Marigayiya ta shigo ƙasar nan tare da wani Baturen awo, ɗaya daga cikin masu kafa jajayen turaku inda ruwa zai kai. Ni nake dafa masa abinci. A cikinta yake kwana, a cikinta yake wanka, a cikinta yake zane-zanensa. Da zazzaɓi ya kore shi gida, ya miƙa min makulli ya ce in riƙe ta amana. Tana da gado, da murhu, da 'yar taga mai labule, da wani dogon akwati a ƙarƙashin gadon wanda ya wuce ƙafafun baya. Mai haƙuri ce, mai kunya. Da safe takan yi tari sau biyu, ƙihi, ƙihi, sannan ta kama, girrr, kamar dattijuwa mai gyaran murya. Ta kai masu naƙuda asibitin Talata Mafara a kwance, ta kai amare Bakura ba tare da ƙura ta taɓa lallensu ba. Ba ta taɓa ƙin kowa ba, kuma yanzu na gane abin da ya kashe ta ke nan.

Abu ɗaya take da shi na kare kanta. Idan kaya suka yi mata yawa, bayanta yakan zauna. Mu a nan ba mu da sikeli, yatsu muke sawa: in yatsu huɗu suka shiga tsakanin taya da madigadi, wato ƙarfen da ke samanta, a ci gaba da lodi, in uku ne kawai suka shiga, a sauke buhu. Haka muka yi shekara biyu lafiya lau, ko faci ban cika yi ba.

Sai tashin gari ya zo. Kaya sun fi kwanakin da suka rage yawa. Na kai ta garejin Jatau a Talata Mafara don a duba birki kawai, birki fa. Jatau, wanda muka yi kiwon awaki tare tun muna yawo ba wando, ya zagaya ta sau biyu, ya bubbuga bayanta, ya ce min:

"Hayatu, bam min ita kwana biyu. In niƙ ƙara mata ganyen sifirin bibbiyu baya, ko giwa kaɗ ɗora mata ba ta duƙawa."

Gaskiya ya faɗa, tunda ya ƙara fallayen ƙarfen nan masu tallabe bayanta, ba ta ƙara duƙawa ba. Daga ranar, duk abin da aka ɗora mata, yatsu huɗu suna shiga har da sauran wuri. Na yi ta murna, ina nuna wa mutane, ashe bakinta aka ɗinke. Bayan ya yi ƙarfi, amma nauyin duk a kan ƙafafun nan biyu yake sauka, kuma su ba wanda ya ƙara musu komai.

Ina so jama'a su lura da abu biyu, ban ce komai ba. Na farko, Jatau yana da akori-kura, kuma kafin Katantanwa ta shiga aikin kwashe gari, shi kaɗai ake nema. Na biyu, da na zo ɗaukarta ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce zumunci ne. Shekara talatin na san Jatau, ko goro bai taɓa ba ni duka ba, sai ya ɓara ya riƙe babban ɓarin.

Ranar da abin ya faru, kaya kaɗan na ɗauko, da idona na ga lodin: tabarmi, ƙwarya, buhun gero shida, turmi biyu da ƙyauren ɗakin Gwaggo. Na sa yatsu, huɗu cif. Muna gangarowa Faru ta yi wani ƙara da ban taɓa ji ba, ƙiiit, ƙiiit, a hankali, kamar mai jin nauyin ta dame ni. Na rage gudu. Sai ƙas! Sannan garau, bayanta ya faɗi ƙasa, tayar ta wuce ni ta gangara gonar wani. Da na sauko na ɗauko ta, na tarar ƙarfen wilin da tayar ke zaune a kai ya tsage daga ramin noti zuwa ramin noti, ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya kuma ya lanƙwashe. Na zauna a bakin hanya na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Cikin masu tsayawa jaje har da Malam Abdu, malamin makarantar Bakura, a kan kekensa. Ya tsuguna, ya tofa yawu a kan wilin, ya goge da gefen rigarsa, sai ga wasu lambobi da aka buga a jikin ƙarfen.

"Wagga lamba ita ka hwaɗin iyakar abin da ƙahwa guda ka ɗauka," in ji shi. "Kilo ɗari takwas da hamsin. Kun ƙara ma baya ƙarhi, kun bar ƙahwa yadda take. Ai sai a sake wili da taya masu lamba babba, in ba haka ba sifirin banza na."

Na gode wa Malam da wannan ilimi. Sai dai ina tambaya: sau nawa Malam ya shiga motar nan kyauta, har da kekensa a sama? Lambar ba ranar Litinin aka buga ta ba. Me ya hana yawun nasa fitowa tun tana da rai?

Amma ko da lambar, lissafin bai fita ba, domin gero buhu shida ba ya tsaga ƙarfe. Sai da muka zo sauke kaya na ɗaga katifa, na buɗe dogon akwatin nan na ƙarƙashin gado. Duwatsun niƙa ne a jere, manya guda biyar, kowanne da ɗansa, an naɗe su da tsummoki don kada su yi ƙara. A can ƙarshen mota, bayan ƙafafun, inda nauyi yake ninkuwa. Kowane ɗaya sai ƙarti biyu sun ɗaga shi. Wato ranar Lahadi, ina masallaci sallar la'asar, akwai mazan da suka buɗe motata, suka yi wannan aiki, suka gyara shimfiɗa, sannan suka zo suka ba ni hannu. Na san su. Ina kallon kowa da ya yi min sannu da wani irin sanyin murya.

Na ari keken Malam na koma Tungar Rimi da zafina. Adda tana ganina ta shige madafa. Gwaggo kuwa tana kan tabarmarta a ɗakin da ba ƙyaure, ko gezau.

"Ni nis sa," ta ce. "Na uwata na, da na kakata, da na matan gidan ga da sunka riga mu. Da na hwaɗa maka, cewa za ka yi akwai injin niƙa tudu. Kai kana son ruwa shi ci su?"

Na ce Gwaggo, mota ta mutu. Ta ce Allah Shi jiƙan ta. Sannan ta ce ba ta fita gidan nan sai an zo an gaya mata duwatsunta sun isa, in ruwa ya riga su, to ya same ta a ɗakinta. Wanda ya san Gwaggo ya san ba barazana take yi ba. Na fito na tsaya a ƙofar gida, ina hango ruwan ya kewaye tsamiyar bakin kwari, wadda ranar Asabar muka sha inuwarta. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Marigayiya ta bar tayoyi uku masu rai, da safaya ɗaya da ba ta da iska tun zamanin Bature, da gado, da murhu, da ganyen sifirin huɗu sababbi ful waɗanda ba abin da ya same su, da kuma ni.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a ja ta zuwa ko'ina ba, za a tura ta gefen hanya a rufe ta da zana. Zaman makoki kwana ɗaya ne, gobe Laraba bayan sallar asuba, a gangaren Faru inda ta faɗi. Kada kowa ya kawo goro ko fura. Mai jaki ya zo da jakinsa, mai amalanke ya zo da shanunsa. Mazan da suka ɗora duwatsun nan su zo su ɗauke su zuwa tudu, ba zan tambayi sunan kowa ba, kuma ba zan kalli fuskar kowa ba. Malam Abdu zai bi su a keke, ya dawo ya shaida wa Gwaggo da bakinsa cewa biyar ɗin sun isa, don maganata ta daina shiga kunnenta.

Saura ɗaukar Gwaggo ita kanta. Ba ta iya zama a jaki, amalanke kuma ba zai ƙetare kwarin ba yadda laka ta fara yi. Mota ɗaya ce ta rage a ƙasar nan da za ta iya.

Jatau, ban janye ko kalma ɗaya ba, kuma bayan Juma'a za mu zauna ni da kai. Amma matar nan ita ta goya ni, kai ma ka sha furarta ba sau ɗaya ba. Na cire katifar marigayiya na ajiye a bakin hanya don a shimfiɗa mata a bayan akori-kurarka. Ina roƙonka, ka zo da wuri.