Jinyar da Na Yi wa Kwamfuta

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin ɗaga murya ba ne. Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da ɗiyata Hindatu take aikin kammala karatunta a jami'ar Aliero ba.

Ta zo gida Jega da 'yan kwamfutoci uku, kowace ba ta wuce sabulun wanki ba. Ta ce manhaja ɗaya ta sa musu, Linux sunanta, ta ba su aiki iri ɗaya don ta ga wadda ta fi sauri ba tare da shan wuta ba. Ɗakina ta zaɓa saboda muna da sola. Ta jera su kan tebur ta ce, "Inna, don Allah a bar su yadda suke. Da sakamakon nan za a ba ni maki." Na ce to. Ta koma makaranta, daga can take duba su ta wayarta.

Bazara ce, zafi kamar bakin murhu. Ni kuwa ba inda nake zuwa, sai baza kunne. Biyu shiru suke aikinsu. Ta ukun, mai arahar cikinsu, da rana ta take sai 'yar fankarta ta kama wani kuka siriri, irin na yaro mai zazzaɓi. Na ɗora hannu, zau! (Duk wadda ta yi raino ta san ba a jin wannan a zauna.)

Ban cire waya ko ɗaya ba, wannan kam na kiyaye. Na dai jawo ta a hankali na ɗora kan faifan randa, na jiƙa tsumma na naɗe randar. In na idar da azahar sai in zauna mata da mafici. Kuka ya tsaya. Har alfahari nake a zuciyata.

Rannan Hindatu ta kira tana murna: mai arahar ta doke masu tsadar! Malaminta ya ce sai ya gani da idonsa. Ba su faɗa mini ranar zuwa ba. Sallamarsu kawai na ji, ina tsugune gaban randa, ina fifita, har da 'yar waƙar rarrashi.

Malam ya gyara tabarau. "Hajiya, tun yaushe take samun wannan gata?"

"Tun da zafi ya kama, Malam. Ai ita ce ba ta da lafiya."

"Sauran biyun fa?"

"Su ba su yi kuka ba."

Ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Hindatu ta ce, "Inna, mi kika yi mini?" Ashe in kwamfuta ta yi zafi saurinta raguwa yake, kuma abin da ake son aunawa ke nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Aka zubar da aikin duka. Abokan karatunta suka gabatar da nasu, ita ta sake daga farko. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai kwashe kwamfutocin ta kai wajen kawunta a Maiyama, mutumin da ko akuyarsa ba ya tausayi. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Na gane cewa in ana gwada abu da abu, tausayin guda maguɗi ne, ko da zuciya ɗaya aka yi shi. Amma tsakani da Allah, kai da kana zaune abu na kuka a kunnenka, da ka iya naɗe hannu?