Kada Ka Sauke Hagu

Shekara ashirin ina hawan babur, shi ya sa da Kawu Iro ya fara yi mini bayanin tsohon babur ɗinsa a Ƙofar Guga, na katse shi.

"Kawu, babur ai babur ne."

Ya ce, "Wanga dai kulocinshi a ƙafar hagu yake, giya da hannu. In ka tsaya, kada ka sauke hagu."

Na zaga unguwa lafiya lau, na dawo gaban majalisar su Kawu ina murmushi, na sauke hagu, giya tana ciki. Babur ya zabura muka hau tabarmar dattawa, butoci suka watse.

Kawu ya fara duba fitilar babur, sannan ni.

Har yau, ko a ƙafa na zo, sai dattawan nan sun tattara butocinsu suke amsa sallamata.