Yadda Za Ka Yi Jagoran Yawon Shayi a Devon Ba Ka San Tarihi Ba

Ni Cyril Tozer, ni na fara gano cewa baƙo zai biya a wahalar da shi kafin a ba shi shayin la'asar. Lokacin masu digirin nan ana goya su. Ban gama firamare ba, jirgin kamun kifi ya nutse da ni sau biyu, ga ni daram. Bi matakan nan, in ba ka ci abinci da sana'ar ba ka canza min suna.

Mataki na 1: Gajiyar da su

Daga tasha zuwa shagon shayin Beryl Luscombe taku hamsin ne. Kada ka kuskura ka bi nan. Hau tudu da su, zaga maƙabartar coci sau biyu. Mutum yana haki ba zai tambaye ka shekarar da abu ya faru ba.

Mataki na 2: Kowace taga ka ba ta sarauniya

Nuna sama ka ce nan shayi ya ƙona harshen sarauniya. In an ce wacce, ka ce, "Babbar."

Mataki na 3: Lallaɓa mai shago

Duk garin Beryl kaɗai ke barina in shigar da baƙi, sauran sun kore ni don hassada. Dokarta ɗaya: kirim ɗin madara ake fara shafa wa burodin shayi, sannan jam, jan kwaɓin 'ya'yan itacen nan mai zaƙi. Mutanen Cornwall na tsallaken kogi da jam suke farawa, Allah ya shirye su. Ta ce min, "Tsoho, ranar da baƙonka ya yi min wannan ƙazantar a tebur, kai da shagon nan sai leƙe."

Mataki na 4: Gane maƙiyi tun a tasha

Ni ban gane ba. Wata Asabar wata malamar makaranta, Malama Trethewey, ta biyo mu da ɗan littafinta. "Baba, wace shekara?" "Baba, ba haka na karanta ba." Na ce, "'Yar nan, ke karantawa kika yi, ni kakata ce ta wanke kofin sarauniyar."

Muna zama sai na ga wuƙarta ta nufi jam. Ashe 'yar tsallake ce! Ta shafa, ta ɗora kirim a kai, tana min murmushi. Ga Beryl tafe da butar shayi.

Mataki na 5: Haɗiye shaida

Na wafce burodin na tura baki ɗungurungum. Haƙorana huɗu ne. Ya tsaya a maƙogwaro, idanuna suka firfito, wani Bajamushe ya dinga dukan bayana har ya wuce.

Beryl ta ce, "Lafiya, tsoho?"

Da numfashi ya dawo na ce, "Al'ada ce. Jagora ke haɗiye na farko, shekara ɗari tara ke nan."

Baƙi suka tafa. Beryl ta dube ni, ta dubi wuƙar Malama jajur da jam, ta ce, "To, ai al'ada ba a yin ta sau ɗaya. Duk Asabar."

Teburina na nan. Asabar goma sha ɗaya ina haɗiya, ban mutu ba. Wanda ya gwada ya shaƙe babu ruwana, ban san shi ba, ban aike shi ba. Mai cewa ƙarya nake kuma ya zo ƙarfe huɗu. Ni zan zaɓar masa burodin, babba, kuma ba kurɓin shayi.