Rasuwar Rigar Fasfon Malam Abdulmumini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da aka matsa ya ƙi kawo hawaye, Sauda mai keken ɗinki ta Unguwar Marke, gabas da Makoda, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da majalisar mai shayi ta bakin tasha rasuwar Rigar Fasfon maigidanta, Malam Abdulmumini. Marigayiyar ta cika ranar Laraba da hantsi a zauren gidansu, bayan gajeriyar jinya da dogon jira.

An haife ta a kan keken Sauda, shekarar da wani ejan ɗan Kano mai ƙamshin turare ya shigo ƙauyen ya ce ana neman masu kula da gonakin dabino a Saudiyya. Malam Abdulmumini ya sayar da bijiminsa, ya je birni ya yi fasfo, ya dawo da shi a aljihun gaba tare da goro da makullin babur. Sauda ta ga koren littafin ya fara shan gumi, ta ce ba za a kai shi ƙasa mai tsarki da tabon goro ba. Ta ɗauko ragowar shaddar sallarsa, ta gwada, ta yanka. Ta farko ta yi kaɗan, fasfo ya shiga kansa yana waje. Ta biyu ta yi faɗin da rediyo ma zai kwana a ciki. Ta ukun ita ce marigayiya. Sauda ta yi mata shafi da ledar cikin buhun taki saboda ruwa, ta ciro zif daga tsohuwar jakar bikinta ta ɗora, ta bi bakin da zare ruwan zuma. Da ta miƙa masa, Malam ya ja zif ɗin, marigayiya ta yi kukanta na farko: zuuut!

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar haƙuri. An ɗinka ta don hawa jirgi, ta ƙare rayuwarta a kan babur, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Iyakarta Ɗanbatta ranar kasuwa, sai Zakirai sau ɗaya, shi ma ɗaurin aure. Ba ta rasa suna, ba ta rasa biki. In Malam ya zauna a bencin mai shayi, ita ake fara saukewa a kan tebur kusa da kwanon sukari, kafin a gaisa. Da ita ya yi fifita, da ita ya kori ƙuda, da ita ya nuna wa mutane gabas in ana gardamar inda Jidda take. Albarkacinta aka fara ce masa Alhaji, ya ce a bari sai ya dawo, amma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Ta kuma kasance mai tausayin ubangidanta, don ita ta raba shi da fartanya. Duk shekarar da ruwa ya sauka, Sauda ta ce, “Malam, mutane fa sun fita shuka,” sai ya dafa ƙirjinsa inda marigayiya take kwance, ya ce, “In na shuka wa zai girbe? Kafin kaka ina can.” Sai Sauda ta koma kan kekenta, ta ɗinka kayan makaranta da hijabai, ta ɗauki 'yan ƙwadago su nome gonar gado guda da ta rage musu. Kaka ta zo, gero ya shigo rumbu, Malam ya ci tuwonsa ya yi hamdala, ya ce bana kam an kusa.

Ciwon ajalinta ya fara ne da tari. Zif ɗin da ke cewa zuuut ya koma ƙir, ƙir, ƙir, daga baya ya yi shiru ya ƙi motsi. An shafa mata man gyaɗa, an goga mata sabulu, an gwada kyandir, babu sauƙi. Malam bai damu ba, don dama ba buɗe ta yake yi ba, nuna ta yake yi.

Ana nan sai ejan ya bugo waya bayan dogon shiru, ya ce biza ta fito, jirgi na nan tafe, a kawo fasfo da cikon kuɗi. Malam ba shi da abin sayarwa sai gonar nan. Ranar Laraba ya kira Alhaji Mati mai sayen gyaɗa zaure, da mai unguwa don shaida, aka shimfiɗa tabarma za a yi ciniki.

Sauda ta tsaya a bayan ƙofar zaure da almakashinta a hannu. Ta yi sallama, ta gaida baƙi, ta ce, “Malam, kafin a sallama gona, a buɗe littafin nan Alhaji ya duba mana. Shi ya je Makka, ya san kansa.”

“Ai zif ɗin ya ƙi, Sauda. Koma ciki.”

“Ni na ɗinka ta, ni zan buɗe ta. Miƙo.”

Mai unguwa ya ce, “Maganarta gaskiya ce, Malam. Ba ta.”

Shaidu sun tabbatar marigayiya ba ta sha wuya ba. Almakashi ya shiga ta gefe, ta ce ƙyaat, shi ke nan. Alhaji Mati ya karɓi fasfo, ya sa tabarau, ya dubi hoton wani mutum mai baƙin gemu, ya ɗago ya dubi Malam mai furfura, ya sake duba takardar. Ya ce, “Malam, wannan ai ya mutu tun bara. Wa'adinsa ya cika.” Ashe marigayiya ta daɗe tana yawo da gawa a cikinta, ta rufa asiri ba ta gaya wa kowa ba.

Malam ya ce ba komai, bari a ji ta bakin ejan. Ya buga masa waya, ya buɗe muryarta don kowa ya ji irin mutanen da yake hulɗa da su. Ya faɗa masa halin da ake ciki. Ejan ya yi dariya ya ce, “Haba Alhaji, wannan ba matsala ba ce. Da matacce ma ana tafiya, muna da mutane a filin jirgi. Kai dai turo kuɗin yau.” Alhaji Mati ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ce shi ba zai sayi gonar da za a kai wa wannan murya ba. Mai unguwa ya bi bayansa yana neman takalminsa.

Malam Abdulmumini ya shimfiɗa yankakkiyar shadda a cinyarsa. Ya ce wa Sauda, ba tare da ya ɗago ba, “Kin sani?”

“Na sani. Na gani ranar da na cire shi zan wanke ta.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Kana jin daɗinta, Malam, ba ta kuma cin komai. Yau ne ta buɗe baki za ta ci gona.”

Marigayiya ta bar fasfo guda wanda ya riga ta tafiya ba a sani ba. Ta bar zif mai larurar tari, wanda Malam ya roƙa a bar masa, aka bar masa. Ta bar 'yan uwanta biyu na ciki ɗaya: ƙaramar tana riƙe da allurai, babbar ana sauke tukunya da ita. Ta bar majalisar mai shayi, waɗanda yanzu duk sun ce dama su sun san ƙarya ce. Ta bar ejan, wanda lambarsa ta daina shiga tun yammacin Larabar, kuma iyalai ba sa sa ran ganinsa wajen gaisuwa.

An tuntuɓi Liman kan sallah, ya ce ba a yi wa tsumma, kuma kada a sake tare shi da irin wannan. Don haka za a kai marigayiya makwancinta ranar Asabar da sanyin safiya a gonar Malam ta bayan rafi, inda za a ɗaura ta a kan kara ta riƙa korar tsuntsaye. A can Malam Abdulmumini zai karɓi gaisuwa, a sunkuye, don ciyawa ta riga ta kai gwiwa. Masu zuwa ta'aziyya kowa ya zo da fartanyarsa. Ba a tanadi tabarma ba.