Ranar da Na Yi Tafinta a Cocinmu

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Kafanchan, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Duk ɗalibin da ya ajiye wakilin suna a inda bai dace ba, ya san jan birona. Shi ya sa ranar da baƙon fasto ya zo cocinmu daga Kachia, tafintanmu kuma yana kwance da zazzaɓi, ban jira an roƙe ni ba. Na gyara kwat, na hau mumbari.

Da farko abin ya tafi sumul. Yana faɗa da Turanci, ina juyawa da Hausa, har da ɗaga hannu kamar wa'azin nawa ne. Daɗin muryata ya kwashe ni, ashe faston ya koma Hausa tuntuni ban lura ba.

Ya ce, "Ubangiji yana tare da ku."

Na ce, "Wato, Ubangiji yana tare da ku!"

Haka muka yi ta yi. Matan ƙungiyar zumunta ta cocinmu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ɗauka wa'azin ne ya ratsa su, na ƙara murya.

Can sai faston ya dafa ni, ya tambaya a hankali, amma cikin makirufo: "Malam, Hausar tawa ce ba ta fita?"

Har yau, in wani ya gaida Mama Saratu, shugabar zumunta, a gabana, ba ta amsawa. Sai ta juyo ta dube ni da ladabi: "Malam, me ya ce?"